Gurguwar Tunkiya a Bakin Bagade: Ƙosawa da Sakaci a Ibada Kamar Yadda Littattafan Ibraniyawa Suka Kalle Su

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda Littattafan Ibraniyawa, waɗanda Yahudawa ke kira Tanak, Kirista kuma Tsohon Alkawari, suka ɗauki matsalar mai ibadar da ibadarsa ta gundure shi. Ta fara da firistocin zamanin annabi Malakai, ta bi ta kan labarin manna da na annabi Iliya da dokokin hidimar bagade, ta tsaya a kan malaman Yahudawa na bayan rushewar Haikali. Hujjarta ita ce littattafan sun raba gajiya da raini, suna tausaya wa mai gajiya, suna tsawata wa mai raini. Maganin da suke bayarwa kuma kusan duk yana cikin tsarin aiki da abin da hannu ke miƙawa, ba su cika tura mutum neman sabon abu ba.

Gabatarwa



Duk wanda ya karanta annabawan Ibraniyawa zai fi riƙe faɗan da suka yi da bautar gumaka: Iliya da annabawan Ba'al a dutsen Karmel, ko Irmiya da masu toya waina domin Sarauniyar Sama. Wannan faɗa yana da armashi wajen ba da labari, shi ya sa ya mamaye nazari. Amma akwai wata cuta da ba ta da amo irin wannan, kuma ta fi daɗewa, domin ta ci gaba bayan an daina maganar Ba'al ɗungurungum. Cutar mutumin da bai bar Ubangijinsa ba ce. Yana zuwa Haikali kan lokaci, yana hura wutar bagade, yana faɗin abin da aka koya masa ya faɗa, amma abin ya ishe shi, kuma hakan ya fara nunawa a aikinsa.

Abu biyu nake so in haɗa a nan, ƙosawa da sakaci, domin a nassoshin da za mu duba ba sa rabuwa. Ƙosawa tana ciki, ba mai ganinta. Sakaci shi ne ɗanta da ke fitowa waje kowa ya gani. Sunayen littattafai da na mutane na bi yadda aka saba ganinsu a fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa, lambobin surori da ayoyi kuma bisa lissafin fassarorin Kirista, wanda a wasu wurare ya ɗan saɓa da na Ibrananci.

Firistocin Malakai

Babiloniyawa sun rushe Haikalin Sulemanu a shekara ta 586 kafin Miladiyya. Sairus sarkin Farisa ya ci Babila a 539, shekarar da ta biyo baya ya ba Yahudawa izinin komawa su sake gini. Aikin ya fara, ya tsaya, sai a shekara ta 520 annabi Haggai da annabi Zakariya suka zaburar da mutane, aka kammala wajen 515. Tun ranar aza harsashi, in ji Ezra 3:12, tsofaffin da suka ga Haikali na farko kuka suka yi. Haggai ya ƙarfafa musu gwiwa da alkawarin cewa darajar wannan gida za ta wuce ta na da, dukiyar al'ummai kuma za ta kwararo cikinsa.

Mafi yawan masana suna sa Malakai tsakanin kammala ginin da zamanin Nehemiya, wanda ya iso Urushalima a 445. Ke nan an yi shekaru da dama ana jira. Dukiyar al'ummai ba ta zo ba. Yahuza tana nan ƙaramin lardi a ƙarƙashin Farisa, kuma Nehemiya sura ta 5 ta nuna talakawa suna jinginar da gonaki don biyan harajin sarki, wasu har suna ba da 'ya'yansu bauta. A cikin wannan hali ne firist zai tashi kullum ya yanka ɗan rago ɗaya da safe, ɗaya da yamma, kamar yadda Littafin Ƙidaya 28 ya tsara.

Laifin da Malakai ya ɗora musu a 1:6-14 mai sauƙin faɗa ne. Littafin Firistoci 22:17-25 ya hana miƙa dabba makauniya ko mai karaya ko mai ciwo, su kuwa suna karɓar irin waɗannan su ɗora a bagade. Mai garke yana da lafiyayyen rago, ya yi wa'adi da shi, in ranar cikawa ta zo sai ya jawo wanda dama mutuwa zai yi. Firist ya gani ya kawar da kai. A aya ta 13 annabin ya nuna su suna kukan aikin ya zame musu wahala, suna yi masa abin da mu a nan za mu kira tsaki.

Inda nake ganin Malakai ya yi gwaninta shi ne ma'aunin da ya zaɓa. Bai tambaye su abin da suke ji a zuci ba, don ya san kowa zai iya rantsuwa a kan wannan. Cewa ya yi su ɗauki dabbar nan su kai wa gwamnansu gaisuwa, su gani ko zai karɓa. (Ambaton gwamna maimakon sarki yana cikin abin da masana ke dogara da shi wajen sa littafin a zamanin Farisa.) Wannan gwaji ya rufe ƙofar uzuri biyu a lokaci guda. Ba jahilci ba ne, tunda mutumin ya san dabba mai kyau in zai je gidan gwamna. Ba kuma talauci kaɗai ba ne, tunda lafiyayyen ragon yana nan a garke. Abin da ya rage shi ne gwamna yana mayar da martani nan take, ya ɗaure fuska ko ya saki, bagade kuwa shiru yake yi. Ka kawo mai kyau, hayaƙi ya tashi. Ka kawo gurguwa, hayaƙin dai shi ne. Idan mutum ya yi shekaru bai ga bambanci ba, sai ya fara lissafi, kuma Malakai ya ji lissafin da kunnensa: a 3:14 mutane suna cewa bautar Allah aikin banza ce, suna tambayar ribar da suka samu. Saboda haka ƙosawar firistocin nan tana da tushe a wata shakka da ba su cika furtawa ba, wato ko akwai mai dubawa ma. Amsar da aka sa a bakin Ubangiji a 1:10 tana da nauyi ƙwarai: gara a sami wanda zai kulle ƙofofin Haikali da a ci gaba da hura wuta a banza. Rashin ibada ya fi ibadar raini, a wannan aya dai.

Sai dai adalci ya sa mu duba ɓangaren firistocin. Nehemiya 13:10 ya ce da Nehemiya ya dawo daga fadar sarki Artashate ya tarar ba a ba Lawiyawa rabonsu, har su da mawaƙa kowa ya koma gonarsa. Firist da ke cin abinci daga abin da aka kawo, in ya mayar da gurguwar tunkiya, da me zai kwana? Malakai da kansa ya san haka, don a 3:8-10 ya juya kan jama'a yana zarginsu da hana zakka. Gyaran da Nehemiya ya yi kuma na ma'aikata ne tsantsa: ya fitar da kayan wani mutum mai suna Tobiya daga ɗakin ajiyar Haikali, ya dawo da Lawiyawa bakin aiki, ya naɗa amintattun ma'aji. Masu wa'azi a kan wannan nassi sukan tsallake wannan ɓangare su tafi kai tsaye ga zuciya. A ganina kuskure ne. Wani sakacin a rumbu yake farawa.

'Ya'yan gida

Idan aka jera manyan labaran sakaci a hidimar Allah cikin waɗannan littattafai, wani abu zai fito fili: masu laifin ba baƙi ba ne. Nadab da Abihu, waɗanda wuta ta cinye saboda sun miƙa turare da wutar da ba a umarce su ba (Littafin Firistoci 10), 'ya'yan Haruna ne, kuma Fitowa 24 ta sa su cikin waɗanda suka hau dutse tare da Musa da dattawa saba'in. Nassin bai faɗi abin da ya kai su ga haka ba, amma da yake dokar hana firist shan ruwan inabi kafin shiga alfarwa ta biyo bayan labarin nan da nan, wasu malaman Yahudawa sun fahimci cewa a buge suka shiga. Hofni da Finehas 'ya'yan Eli ne, a Shilo suka girma. Baransu yakan zo da cokali mai yatsa uku ya caka a tukunyar mai hadaya ya kwashe abin da ya fito, har ta kai suna ƙwace ɗanyen nama tun ba a ƙona kitse ba (1 Sama'ila 2:12-17). Uzza, wanda ya miƙa hannu ya tare akwatin alkawari ya mutu, ɗan Abinadab ne, mutumin da akwatin ya yi shekaru a gidansa.

Labarin Uzza yana damun masu karatu da yawa, ya ma dami Dawuda, don 2 Sama'ila 6:8 ya ce ya yi fushi. Marubucin Tarihi ya mayar da laifin kan yadda aka ɗauko akwatin: an ɗora shi a keken shanu, yadda Filistiyawa suka yi da suka mayar da shi, alhali doka ta ce Lawiyawa su ɗauka a kafaɗa (1 Tarihi 15:13-15). Nassin bai ce sabo ne ya ja Uzza ba, wannan karatuna ne, kuma ana iya musa shi. Amma idan aka haɗa shi da sauran biyun, maganar Bahaushe tana zuwa da kanta: ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe.

Amos ya nuna wata fuska ta daban, a wajen 'yan kasuwa. Ya yi annabci a ƙarni na 8 kafin Miladiyya, zamanin Yerobowam na biyu, lokacin da masarautar Ibraniyawa ta arewa ke cikin wadata. A 8:4-6 ya kwatanta masu sayar da hatsi suna ƙagara bikin sabon wata ya wuce, Asabar ta fita, su buɗe rumfa su tauye mudu su yi algus a ma'auni. A lura, mutanen nan ba su karya Asabar ba. Rumfunansu a rufe suke. Jikinsu yana hutun da aka umarta, zuciyarsu tana ƙirga awoyi. Amos kuma bai raba ƙagarar da zaluncin ba, a numfashi ɗaya ya faɗe su. Mutumin da ya ƙosa da ranar Allah, a wurinsa, shi ne dai mai sayen matalauci a kan takalmi biyu. Ishaya 29:13 ya taɓo wannan daga wani gefe, inda ya yi maganar girmamawar da ta tsaya a leɓe da tsoron Allah da ya zama hadda.

Gajiya biyu a sura ɗaya

Littafin Ƙidaya sura ta 11 ita ce, a wurina, mabuɗin batun duka, domin ta kawo masu gajiya iri biyu kafaɗa da kafaɗa, aka kuma amsa musu daban.

Na farko jama'ar da Musa ke jagoranta a jeji ne. Manna tana sauka kowace safiya, suna niƙa ta ko su daka a turmi, su dafa, su yi waina. Sai suka fara tuna kifin Masar da kokwamba da kankana da albasa da tafarnuwa, suna cewa idonsu ba ya ganin komai sai manna. Masu karatu Musulmi za su tuna cewa Alƙur'ani ma ya kawo wannan ƙorafi a Suratul Baƙara aya ta 61. Ba yunwa ce ta sa su kuka ba. Mu'ujiza ce ta maimaitu har ta zama abincin gida. Tunawarsu ma ta yi musu ƙarya, don sun ce kifin kyauta suke ci, sun manta tubalin da suke biya da shi. An ba su naman makware har ya wuce ƙima, annoba ta biyo baya, aka sa wa wurin suna saboda kaburburan masu kwaɗayi.

Na biyu Musa ne. A cikin wannan sura dai ya ce ba zai iya ɗaukar mutanen nan shi kaɗai ba, ya tambaya ko shi ya haife su, ya roƙi a kashe shi ya huta. A zahiri kalamansa sun fi na jama'a zafi. Amma ba a tsawata masa ba. An ce ya tara dattawa saba'in a raba musu nauyin.

Haka aka yi wa Iliya a 1 Sarakuna 19. Bayan nasarar Karmel ya gudu daga sarauniya Yezebel, ya wuce Biyersheba, ya yi tafiyar yini cikin jeji, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa. Abin da aka fara ba shi barci ne da waina da tulun ruwa, sau biyu ana tashinsa ya ci. Sai bayan tafiyar kwana arba'in zuwa Horeb aka yi masa magana, aka ba shi aiki, aka haɗa shi da Elisha, aka kuma gyara masa lissafi cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, shi da yake ganin shi kaɗai ya rage.

Me ya raba su? Musa da Iliya sun gaji ne saboda sun ba da duk abin da suke da shi, kukansu kuma ga Allah suka kai shi. Jama'ar jeji da firistocin Malakai sun gaji ne da abin da aka ba su, suka yi gunaguninsu a ƙofar alfarwa ko a tsakaninsu. Wannan rarrabewa tana da amfani ga duk mai kula da masu ibada. In ka ba mai raini hutu, ka ƙara masa abin da yake so. In kuwa ka tsawata wa wanda ƙarfinsa ya ƙare, ka ƙarasa shi. Zabura cike take da muryar mai gajiya irin ta biyu. Zabura 119, mai ayoyi 176 duk a kan shari'ar Allah, wadda za a zaci ta mutum ce mai zafin ibada kullum, marubucinta ya sha cewa ransa ya kwanta, yana roƙo a rayar da shi, ya kuma ƙare da kwatanta kansa da tunkiyar da ta ɓata. Ba a cire waɗannan ayoyi ba, an mai da su addu'a.

Kan manna akwai wani abin lura kuma. Fitowa 16 ta ce kowa ya tara ta yini ɗaya kacal, wanda ya ajiye ta kwana sai ta yi tsutsa, ban da ranar shida da ake tara ninki saboda Asabar. Talmud na Babila, kundin koyarwar malaman Yahudawa, a Yoma 76a, ya ce almajiran Rabbi Shimon ɗan Yohai sun tambaye shi me ya sa ba ta sauka sau ɗaya a shekara. Ya ba su misalin sarkin da ke ba ɗansa guzurin shekara a tashi ɗaya, ɗan ya zama ba ya zuwa gaishe shi sai sau ɗaya a shekara, sai sarkin ya mayar da abin na kullum. Wato maimaitawar da ta gundure su da gangan aka sa ta. Wannan fassara ta yi daidai da gargaɗin Maimaitawar Shari'a sura ta 6 da ta 8, inda haɗarin da ake tsoro shi ne ranar da za a ci a ƙoshi a gina gidaje masu kyau, sannan a manta.

Toka da ƙuri'a

Dokokin hidima ba su yi ƙoƙarin rage maimaitawa ba ko kaɗan. Hadayar safe da yamma, gyaran fitila, ƙona turare, duk na kullum ne. Abin da suka yi shi ne kewaye aikin da abubuwan da za su hana a yi masa riƙon sakainar kashi. Misali mafi kyau shi ne kwasar toka a Littafin Firistoci 6:8-13. Aiki ne da a ko'ina za a bar wa yaro ko bara. A nan firist ne zai yi, sanye da rigar lilin ta hidima, ya kwashe tokar ya ajiye a gefen bagade, sannan ya sake tufafi ya fitar da ita bayan zango zuwa wuri mai tsabta, ya kuma ƙara itace don kada wutar ta mutu. Sauya riga saboda toka yana tilasta wa mutum ya dakata. Ba za a iya yin sa da magagin barci ba.

Mishna, tarin dokokin malaman Yahudawa da aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya, ta adana wani labari a Yoma sura ta 2 da ke nuna yadda abin ya kasance a aikace. Da farko duk firist ɗin da ke so shi ke kwasar toka, in sun yi yawa sai su yi tsere zuwa saman bagade. Wata rana biyu suka yi kunnen doki, ɗaya ya ture ɗan'uwansa ya faɗi ya karye a ƙafa, sai aka mayar da abin ƙuri'a. Talmud ya ƙara da cewa da aka sa ƙuri'ar sai firistoci suka daina tashi da asuba, kowa yana cewa wa ya san ko shi za ta faɗa wa. Dole aka haɗa wa mai nasara da shirya itacen bagade don a jawo su. Ina son wannan labari saboda bai ƙawata kowa ba. Himma da ta zama gasa ta karya ƙafa, an kashe gasar sai kasala ta dawo, aka sake gyara tsarin. Malaman ba su zauna jiran zukata su gyaru ba.

Juyi ma magani ne. 1 Tarihi 24 ya raba firistoci ƙungiya 24, kowace tana hidimar mako ɗaya, wato kusan mako biyu a shekara ban da manyan bukukuwa. Littafin Ƙidaya 8:24-26 ya sa Balawe ya fara aiki yana da shekara 25, ya sauka daga aiki mai nauyi a 50. Ƙuri'ar ƙona turare kuwa, in ji Mishna, waɗanda ba su taɓa yi ba kaɗai ake kira. Mutumin da ya san wataƙila sau ɗaya zai riƙe wannan kasko a rayuwarsa ba zai yi hamma a kansa ba.

Fahimta da shiri

Nehemiya sura ta 8 ta kawo wani dalili na ƙosawa da ake yawan mantawa: rashin gane abin da ake faɗa. Ezra ya hau dandamalin katako a filin Ƙofar Ruwa ya karanta Attaura tun da sassafe har tsakar rana, Lawiyawa suna bin jama'a suna bayyana ma'ana. Mutanen da suka tsaya tsawon wannan lokaci ba su watse ba, kuka suka yi, har sai da aka ce musu su je su ci mai maiƙo su aika wa marasa shi. Aya ta 12 ta danganta murnarsu da cewa sun fahimci abin da aka karanta. Littafin ba sabo ba ne. Washegari suka tarar a ciki akwai umarnin zama a bukkoki a wannan wata, suka fita suka saro rassa.

Rashi, malamin garin Troyes a Faransa da ya rasu a 1105, ya bi wannan hanya a sharhinsa na Maimaitawar Shari'a 6:6. Ya ɗauko tsohuwar fassarar da ke cewa kada umarnin ya zama kamar tsohuwar sanarwar sarki da ba mai waiwaya, ya zama kamar wadda aka kafe yanzu kowa na rige-rigen karantawa. Shawarar tana da kyau, amma ita kaɗai ba ta isa ba, domin ba a umartar mutum ya ji sabon abu sai ya ji. Shi ya sa na fi ba da nauyi ga matakan da ke hannun mutum. Mai Hadishi 5:1-2 ya ce a kula da taku in za a shiga gidan Allah, a kuma taƙaita magana. Mishna a Berakot 9:5 ta mayar da wannan doka: ba a hawa Dutsen Haikali da sanda ko takalmi ko jakar kuɗi ko ƙura a ƙafa, ba a kuma mai da shi hanyar yanke. A 5:1 ta ce salihan farko sukan zauna awa guda kafin su fara addu'a.

Bayan Haikali

Romawa sun rushe Haikali na biyu a shekara ta 70 Miladiyya. Addu'o'in yini suka maye gurbin hadaya, Talmud ma ya ce an tsara lokutansu ne daidai da na hadayun kullum. Da wannan sauyi ma'aunin Malakai ya ɓace. Gurguwar tunkiya kowa na ganin ɗingishinta, amma addu'ar da aka yi da zuciya a kasuwa sautinta ɗaya da wadda aka yi da natsuwa. Malaman sun ga haɗarin tun da wuri. Rabbi Eliyeza, a Berakot 4:4, ya ce wanda ya mai da addu'arsa aikin sauke nauyi, addu'arsa ba roƙo ba ce. Bahya ɗan Fakuda, wanda ya rubuta littafinsa kan wajibobin zukata da Larabci a Andalus a ƙarni na 11, ya kwatanta addu'a marar zuciya da jiki marar rai.

Musa ɗan Maimun, da ya rasu a Masar a 1204, ya kai maganar iyakarta. A dokokin addu'a na littafinsa Mishne Tora ya yanke cewa addu'ar da babu halartowar zuciya a cikinta ba addu'a ba ce, a sake ta. Wanda hankalinsa ya rabu kada ya fara sai ya natsu, wanda ya dawo daga tafiya a gajiye kuma ya huta har kwana uku kafin ya yi. Wannan hukunci jikan Malakai 1:10 ne, kuma yana ɗauke da tausayin da aka nuna wa Iliya.

Amma ba shi ne ya zama abin bi ba. Yusufu Karo, a littafinsa Shulhan Aruk da aka buga a Venis a 1565, ya ce a zamaninsu ba a ƙara bin wannan sassauci na jinkirta addu'a, tunda dama mutane ba sa natsuwa sosai ko da sun huta. Musa Isserles na Krakow ya ƙara da cewa wanda ya yi addu'a ba tare da natsuwa ba kada ya sake, don da wuya ta biyun ta fi ta farko. Ana iya karanta wannan a matsayin miƙa wuya. Ni ban ɗauke shi haka ba. Malakai yana magana da firistocin da suke da lafiyayyen rago a garke suka hana. Karo da Isserles suna magana da jama'ar da in aka ce su jira natsuwa kafin su yi addu'a, da yawansu ba za su ƙara yi ba har abada, sai suka zaɓi a riƙe lokacin, a ci gaba da neman zuciyar a cikinsa. Inda hujjarsu ke da rauni shi ne ba ta ba mai addu'a hanyar sanin ko shi mai gajiya ne ko mai raini ba, kuma wannan ita ce tambayar da gwajin gwamna ya amsa wa mutanen Malakai cikin sauƙi. Nazarin da zai biyo bayan wannan maƙala zai duba ko littattafan tarbiyya na baya, musamman Mesillat Yesharim na Musa Hayim Luzzatto da aka buga a Amsterdam a 1740, wanda ya fara matakansa da lura sannan himma, sun samar da ma'auni na zahiri da zai tsaya a madadin dabbar da aka daina kawowa.